Kwalbar da Iya Ta Ƙi Wankewa

Akwai wani ɗalibi mai bincike da abokansa ke tsokana da suna Farfesa, don jin kansa ya yi yawa. Shekara uku yana renon wasu ƙwayoyin halitta jajaye da ya ɗebo daga wani tafkin gishiri. Tafkin kuwa tuni aka cike shi aka yi gini a kai. Digirinsa kaf a kan na hannunsa ya rataya.

Ƙwayoyin nan sai cikin gishiri suke rayuwa. A fatarsu akwai 'yan ƙofofi masu aiki kamar famfo, suna fitar da gishiri mai cutarwa, suna shigo da wanda ke riƙe musu ruwan jiki. Ƙofofin yake nazari.

Ranar gwajin ƙarshe ya tattara su duka wuri ɗaya, ya jawo tataccen ruwa marar gishiri zai ɗauraye su. Iya mai wankin kwalabe, wadda ta shekara ashirin a ɗakin binciken, ta hango shi.

"Ɗan nan, waɗannan ba da ruwan gishiri ake wanke su ba?"

"Iya, ki tsaya kan sosonki," in ji shi, ko waiwaye bai yi ba.

Ya tuttula ruwan. Nan take abin ya narke ya koma yauƙi. Ya leƙa madubin ƙara girma, wayam. Ruwa ya afka musu, sun kumbura sun fashe. Abin takaicin, shi da hannunsa ya rubuta hakan a babi na biyu na kundin digirinsa!

Ya zauna daɓas a ƙasa yana salati.

Iya ta buɗe kabad, ta ɗauko wata tsohuwar kwalba da gishiri ya bushe a gindinta.

"Bara ka jefo min ita ka ce shara ce. Na ga ja-ja a cikin gishirin, na ce ƙila da sauran rai."

Ya karɓa ya zuba ruwan gishiri a ciki. Bayan mako uku kwalbar ta yi jawur, ƙwayoyin sun farfaɗo.

Ranar, abokansa suka shigo suka yi turus. Farfesa ne a bakin famfo, ya naɗe hannun riga yana wanke kwalabe, Iya na zaune tana cewa, "Waccan ba ta fita ba, sake."

Darasi: Ilimin da ya toshe maka kunne, da hannunka zai sa ka rusa aikinka. Kada ka raina wanda ya daɗe yana kallon aiki don ba shi da takarda. Ku tura wa wasu su amfana.