Katin Baba Hamdija

An yi wani mutum a garin Tuzla, Zijad mai gyaran tagogi, wanda ya yi ciniki da ƙanwarsa Nermina a kan mahaifinsu. Tsohon, Baba Hamdija, tsufa ya fara ruɗa shi, kuma shekara huɗu ita kaɗai ke jinyarsa.

Ta ce, "Yaya, tun muna yara yake son hawa jirgin ruwa. Ni zan sayi tikiti biyu. Kai kuma ka riƙe hannunsa kwana bakwai, in samu in huta."

Ya yi dariya. "Ci da sha kyauta don kawai in riƙe hannun tsoho? Ke dai ba ki iya ciniki ba."

Suka hau jirgin shaƙatawa a tashar jiragen ruwa ta garin Split. Na yi shekara ashirin ina jera faranti a irin jiragen nan, na san zamansu. A ci, a kwanta bakin tafkin wanka, a tashi a sake ci. Kowace safiya sabon gari. Kowa da katinsa: in za ka sauka a dangwala shi a na'ura, in ka dawo a sake dangwalawa. In mutum ɗaya bai dawo ba, sai a yi ta kiran sunansa a lasifika, a sa mutanen tasha su bazama nema.

Tsohon ba shi da fitina. Tambaya ɗaya gare shi, sau hamsin a wuni: "Zijad, ƙarfe nawa?" Tsoronsa kada salla ta wuce shi.

Rana ta uku suka sauka wani tsibiri a Girka. Zijad ya zaunar da shi a inuwa, ya tafi shan gahawa da wata mata da ya sani a jirgin. Da ya dawo, babu tsoho. Saura minti ashirin jirgi ya tashi.

Ya 'yan uwa, ku ji huɗubar da Shaiɗan ya yi masa. In ka faɗa, za a sauke ka da jakarka ka zauna nema, sauran kwanakin daɗi su wuce ka. Tsibirin ƙarami ne, wani zai tsince shi. Katin tsohon kuwa yana aljihun Zijad.

A ƙofar jirgi ana ta turereniya. Mai gadi ya ce, "Ina Babanmu mai tambayar lokaci?"

"Ya kutsa ciki, fitsari ya matse shi. Ga katinsa."

Mai gadi ya yi dariya, ya dangwala. Na'ura ta nuna kowa ya dawo. Ƙarfe biyar jirgi ya busa ƙaho ya ja. Ba a kira suna ba, ba a tura kowa nema ba.

To amma jirgi bai daina yi wa tsohon hidima ba. Mai shara ya gyara gado biyu. Mai kawo abinci ya ajiye faranti biyu, ya ce, "Yallaɓai, yau Baba bai sauko ba? Na sa an rage masa gishiri." A bangon da ake liƙa hotunan fasinjoji, ga tsohon nan riƙe da gefen rigar ɗansa. Zijad ya sayi hoton ya yaga. Washegari an sake wanko wani.

Kuma kullum ƙarfe biyar, da sauran rana, cikin jama'a, in ƙahon ya yi shiru sai ya ji a bayan kunnensa, a hankali: "Zijad, ƙarfe nawa?" Ya waiwaya, mutane ne kawai ke shafa mai a jiki, suna shan rana. Abincin da ya zauna dominsa, sai ya ture shi gefe.

A Split, Nermina na tsaye riƙe da rigar sanyin mahaifinta. Ta dubi bayansa. Ta ce, "Yaya, ina Baba?"

Wani manomi ne a tsibirin ya tsinci gawar tsohon a gonar zaitun, bayan katangar dutse, babu wata takarda a jikinsa. Tsohon ya cire takalmansa ya jera su gefe, kamar mai shirin salla. Likita ya ce kwana biyu ya yi da rai a wurin, ƙishirwa ce ta ƙarasa shi. Kwana biyu, 'yan uwa, tafiyar rabin awa daga tasha. Kalma ɗaya a bakin ƙofa da ta isa.

Wa ya ci riba? Jirgi bai makara ko minti ɗaya ba. Mai gadi ya rasa aikinsa. Nermina ta rasa uba da yaya a rana guda. Zijad ya samu kwana huɗu, ya biya da shekaru a kurkuku. Ya fito, ya cire duk agogon gidansa, amma har yau in la'asar ta yi sai ka gan shi yana waiwaye a kan hanya.

Wanda ya riƙe hannunka kana rarrafe, amana ne a hannunka ranar da ya manta hanya. Na'ura tana karɓar ƙarya. Mala'ikun da ke kafaɗarka ba sa karɓa.

Allah ya ba mu ikon riƙe iyayenmu har ƙarshe. Allah ya kiyaye mu.