Junaidu Majemi da Wasiƙar Rijiya

An yi wani mutum, jama'a, a wani gari can da nisa, a zamanin da masu mulki suka tsare wani limami daga jikokin gidan Annabi, suka hana almajiransa ganinsa. Mai tambaya sai dai ya rubuta, a kai a ɓoye, a dawo da amsa. Wanda ke wannan zirga-zirga wani bawan Allah ne, Junaidu, majemi. Ko alif bai sani ba. Warin jima ma ya sa masu gadi ba sa taɓa kayansa.

To, a garin akwai wani attajiri, Harisu, da ya katange rijiyar unguwa ya ce ta ubansa ce. Mata na dawowa da tulu a bushe. Aka rubuta wa Imam, wato limamin nan da ke tsare, ana tambayar hukuncin rijiyar, Junaidu ya kai, ya karɓo amsa.

Ku saurara! Tun bai shiga gari ba, barorin Harisu suka tare shi, suka kai shi gaban maigidansu. Harisu ya karanta wasiƙar, fuskarsa ta yi baƙi. Ya jefa ta a wuta, ya miƙo wata da magatakardansa ya rubuta.

"Ungo, kai wa jama'a. Ka ce daga Imam take. Raƙumin can naka ne."

Junaidu ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban iya karatu ba, amma na san hannun da ya ba ni. Ba wannan ba ne."

"Kai majemi, wa zai sani?"

Zuciyar Junaidu ta tafasa. Ya ce, "Mutumin da aka kulle, aka raba shi da kowa, bakinsa kaɗai ya rage masa. Shi ma za ka sace? Wallahi ba da ƙafata ba!"

Harisu ya ce to a karya ƙafar. Aka karya, jama'a! Aka karya ƙafar talaka saboda ya ƙi yin ƙarya! Aka yar da shi bakin hanya.

Matarsa ta yi kuka ta ce, "Malam, ka bar wa manya rigimarsu." Da ɗori ya kama, ya ɗauki sanda, ya sake kama hanyar Imam yana ɗingishi. Imam ya dubi ƙafar, idonsa ya ciko, ya sake rubuta amsar: ruwan rijiyar na kowa ne. Aka karanta a masallaci, jama'a suka rushe katangar. Aka kwafi wasiƙar gari-gari, masu neman ilimi suka riƙa kafa hujja da ita. Junaidu kuwa da ɗingishinsa ya koma ga Allah.

To ku fa? Ba a karya muku ƙafa ba, ba a ba ku raƙumi ba. A banza kuke yi! Saƙo ya shigo wayarka, "wai Malam ya ce", ba ka tambayi wane Malam ba, ba ka tambayi yaushe ba, ka tura wa duniya. Kun zama barorin Harisu, ko ladan bara babu!

Maganar wani amana ce. Ka kai ta yadda aka ba ka. In ba ka san hannun da ya miƙo ta ba, ka rufe bakinka, ka janye yatsanka, don za a tambaye ka.