Fatun Awakin Bikin Kaka

Akwai wani mutum, maigida ne mai gonaki da garken awaki, yana zaune a wani gari inda ake yin biki kowace shekara bayan an gama kai hatsi rumbu. Mutumin nan ba ya rawa, ba ya waƙa, amma yana so ya ga mutanen garinsu suna murna. Saboda haka duk shekara yakan ware awaki goma sha biyu daga garkensa, ya ba da su domin bikin.

Ga yadda ake yi tun zamanin mahaifinsa. Akan kora awakin zuwa gindin wata tsamiya a bakin fili, a yanka su wuri ɗaya, a feɗe. Naman na masu kiɗa ne da masu rawa da masu waƙa, da duk wanda ya zo kallo. Fatun kuwa, akan naɗe su a kai wa wani tsoho a bayan gari, wanda aikinsa shi ne rufe ganguna. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan a takarda. Masu fiɗa sun sani, tsohon ya sani, shi ke nan.

Tsohon yakan jiƙa fatun, ya kankare gashin da wata 'yar wuƙa, ya miƙe su a ƙasa da turaku, ya bar su su bushe a hankali. Ba kowace fata take yin ganga ba. Wata tana da tabo, wata kuma wuƙar mai fiɗa ta huda ta. Masu kyau ya rufe ganguna da su, waɗansu ya yanka siri-siri ya yi igiyar ɗauri, abin da ya rage ya sayar ya ci abinci. Ranar biki ba a ganinsa a fili. Yakan zauna can bayan tsamiyar da basillarsa, yana saurare. In muryar wata ganga ta sauya, ya san ko ta wace ce tun kafin mai ita ya sani.

Ana nan sai tafiya mai nisa ta kama maigida. Ya kira wakilinsa ya ce, “Ka ci gaba da ba da awakin biki har in dawo.”

Wakilin nan ba ɓarawo ba ne. Ina so ku riƙe wannan sosai. Mutum ne mai son tsari. Ya dubi yadda ake yanka a gindin tsamiya, ya ga waɗansu suna cin nama fiye da waɗansu, ya ce wannan ba adalci ba ne. Sai ya ɗauki takarda ya rubuta ƙungiyoyin da yake gani a fili: makaɗa, masu rawa, mata masu waƙa, masu busa, 'yan kokawa. Ya raba musu awakin da ransu, kowane shugaba ya ja nasa zuwa gida. Suka yanka a gidajensu, suka ci. Fatun kuma suka kai kasuwa suka sayar, suka ɗinka riguna iri ɗaya.

Tsohon ya jira kwana uku, ba a kawo masa kome ba. Ya ɗauki sandarsa ya tafi wurin wakili.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, na zo ne a kan fatun.”

Wakili ya ce, “Waɗanne fatu, Baba?”

“Na awakin biki.”

Wakili ya buɗe takardarsa. “Kana cikin makaɗa?”

“A'a.”

“Masu rawa fa?”

Tsohon ya dubi gwiwoyinsa ya ce, “Da waɗannan?”

“To, wace ce ƙungiyarka? Ku nawa ne?”

“Ni kaɗai ne. Ni nake rufe gangunan.”

Wakili ya ce, “Baba, ni wanda na gani a fili nake ba. Na tsaya tun safe har yamma, ban gan ka ba. In na ba ka yau, gobe mai sassaƙa kujeru zai zo ya ce ai a kan aikinsa aka zauna.”

Tsohon ya wuce wurin shugaban makaɗa. Shi kuwa ya yi dariya, ya kama wuyan sabuwar rigarsa ya ce, “Haba Baba, fata kuma? Ga ta nan a jikinmu. Gangunan ai lafiyarsu ƙalau. Aikinka ba ya mutuwa.”

Gaskiya ne, a shekarar nan gangunan sun yi ƙara kamar kullum, gama tsohon ya iya aikinsa. Ba wanda ya ga wani abu ya ragu.

A shekara ta biyu tsohon ya koma. Wakili ya ce masa, “Na gaya maka, ka kafa ƙungiya, ka kawo mini sunaye.” Tsohon ya koma gida, ya yanka akuyarsa guda ɗaya da yake da ita, ya rufe babbar ganga da fatarta. Ƙananan kuma ya yi ta cire fata daga wannan yana yi wa waccan faci. Bikin ya wuce, mutane suka ce bana an fi bara kyau, domin rigunan sun fi na bara haske.

A shekara ta uku tsohon bai je wurin kowa ba. Ya zuba basilla da wuƙa da turaku a buhu, ya rataye. Ya koma tufka igiyar rama yana sayarwa.

A wannan shekara ce maigida ya dawo, daidai ranar biki. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Ƙungiyoyi suka shigo fili ɗaya bayan ɗaya, kowa da rigarsa mai walƙiya. Masu rawa suka jeru, suka ɗaga ƙafa suna jiran kiɗa. Shugaban makaɗa ya ɗaga hannu ya buga babbar ganga sau ɗaya, sau biyu. A na uku fatar ta yage daga baki zuwa baki. Sauran makaɗa suka yi ƙoƙari su rufe abin da ƙananan ganguna, amma muryarsu kamar ana dukan jiƙaƙƙiyar tabarma. Masu rawa suka sauke ƙafa. 

Maigida ya kira wakilinsa ya ce, “Ina fatun awakina?”

Wakili ya buɗe takardarsa da sauri. “Ranka ya daɗe, kowace akuya ta kai hannun mai ita. Ga sunaye, ga shaidu.”

Maigida ya ce, “Na san inda naman ya tafi, ina ganinsa a kumatunku. Fatun nake tambaya.”



Maigida ya tashi, ya bar taron, ya tafi bayan gari da ƙafarsa, wakili yana biye da shi. Suka sami tsohon a ƙofar gida, igiya a tsakanin tafukansa.

Maigida ya ce, “Baba, me ya hana ka faɗa?”

Tsohon ya ce, “Na faɗa wa wanda ka bari, sau biyu.”

“To, yanzu za a yanka awaki a kawo maka fatun.”

“Ko an kawo yau, ranka ya daɗe, sai an yi makonni kafin ganga ta yi magana. Ga yatsun nan kuma sun sandare, ba su iya jan ɗauri kamar da.”

Sai maigida ya juya wurin wakili ya ce, “Shekara uku ka hana shi, fata talatin da shida ke nan. Kai za ka kawo su a kanka, ba aike ba. Za ka zauna a nan ka jiƙa, ka kankare, ka ja ɗauri inda ya nuna maka, har ganguna su dawo da muryarsu.”

Haka aka yi. Amma bikin wannan shekara da tafi aka ƙarasa shi, mutane suka watse tun rana ba ta yi sanyi ba.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin.

Maigidan nan Allah ne, wanda yake ba da baiwa da abin hannu domin jama'a duka su yi murna. Awakin su ne duk abin da aka damƙa mana mu raba, ko a gida, ko a ikkilisiya, ko a ofis. Wakilin shi ne kowane ɗayanmu da aka ba shi biro da takarda. Zunubinsa ba sata ba ne. Zunubinsa shi ne ya ɗauka abin da idonsa ya gani a fili shi ne dukan aikin, kuma da aka zo aka gaya masa har sau biyu, ya fi gaskata takardarsa a kan mutumin da yake tsaye a gabansa. Tsohon kuwa shi ne duk wanda aikinsa yake ƙarewa kafin 'yan kallo su iso. Ranar da Maigida zai tambaye mu, ba sunaye da shaidu zai nema ba. Zai ce, ina rabon wane?

Da na so in tsaya a nan. Amma ba domin a gyaɗa kai a tafi gida na kawo misalin ba.

Kun sani majalisar garinmu ta ware tallafi domin ƙungiyoyin al'ada da bikin shekara. Abu ne mai kyau, na faɗa a taro, ina sake faɗa. Wannan ce shekara ta uku da ake bayarwa. Kwamitin rabon mutum tara ne. Huɗu daga cikinsu suna zaune a ɗakin nan yanzu, uku kuma ni na koya musu rubutu. Takardar neman tallafin da suka tsara tana so a rubuta sunan ƙungiya, a haɗa shaidar rajista, a manna hoton 'yan ƙungiya cikin anko. Na karanta ta layi bayan layi. Babu layi ko ɗaya da Baba Zakka zai iya rubuta sunansa a kai.

Baba Zakka shi ne ya rufe kowace ganga da ake bugawa a bikin garin nan tun kafin a haifi yawancinku. Da, kowace unguwa takan aika masa da fatun dabbobin da aka yanka. Tun da tallafi ya zo, ƙungiyoyi suka koma sayen nama a kilo wurin mahauta, fata ta daina zuwa, tallafin kuma bai san da shi ba. Ya je ofis sau biyu da kuɗin acaɓa na aljihunsa. An ce masa ya kafa ƙungiya. Mutum mai shekara saba'in da bakwai, da wa zai kafa ta?

Na rubuta wa kwamitin wasiƙa uku: ɗaya a watan Maris, ɗaya a Yuni, ɗaya mako biyu da suka wuce. Ta farko ba a amsa ba. Ta biyu aka ce an gani. A kan ta uku wani ya tare ni a ƙofar coci ya ce, “Baba Malam, ka yi haƙuri, ƙa'ida ce.” Shekara talatin da biyar ina duba takardun jarrabawa, na san ƙa'ida. In yaro ya ba da amsa daidai, takardar amsoshin da ke hannuna ta ce ya faɗi, takardar nake gyarawa. Haƙuri kuma ba ni za a ba ba, ba ni aka hana ba.

Na gaji da rubutu, idanuna ma sun gaji. Abin da nake nema ba shi da yawa. Ranar Alhamis za a yi rabo. Kafin ranar, kwamiti ya zauna ya ƙara layi ɗaya a takardar domin masu yin kayan kiɗa da masu gyara su, ko mutum ɗaya ne. A ba Baba Zakka rabonsa na bana, a kuma faɗa a fili yadda za a yi da na shekara biyu da suka wuce, domin ba kyauta ba ce, hakkinsa ne. Kada a aika masa ya zo ofis. Ya zo sau biyu, ya isa. Ku ku je, ku zauna a ƙofar gidansa, ku ce kun yi kuskure. Ku kuma shugabannin ƙungiyoyi da kuke murmushi, ba ku fita ba. Kun san hanyar gidansa in ganga ta fashe, kun manta da ita ranar rabo.

Sauranmu kuma, kowa ya je gida ya tambayi kansa: wa yake share mini wuri kafin in zo in zauna? Yaushe rabona da in ambaci sunansa?

Jiya na je gidan Baba Zakka. 'Yarsa da ke aure a wani gari za ta zo da mota ranar Asabar ta tafi da shi, domin ta ce ba za ta bar shi yana zaune da yunwa ba. Ya riga ya zuba kayan aikinsa a buhu, ya ɗaure bakin. Na tambaye shi ko zai zauna in an gyara. Ya ce, “Malam, in sun zo kafin motar, ma yi magana.”

Yanzu za mu tashi mu yi waƙar rufewa. Gangar da za a buga mana, Baba Zakka ne ya rufe ta, shekara huɗu da suka wuce, akwai faci biyu a gefenta. Ku saurare ta da kyau.