Tunkiyar Malam Tanimu

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan, don yau ba zan bar ku ku tashi ba sai kun raba mini wata gardama.

A garinmu akwai wani ɗan asibitin kuɗi da ya daina aiki da katin takarda. Sunan majinyaci, maganin da aka ba shi, abin da ya biya, duk aka zuba su a kwamfuta guda da ke teburin karɓar kati. Tsofaffin katunan kuwa aka jibge a sito, gara ta yi bikinta a kansu.

Ranar wata Laraba da hantsi aka kawo Malam Tanimu Isiyaku mai hatsi, ciwon haƙarƙari ya kwantar da shi, ko magana ba ya iyawa. Likita ta ce allura yake bukata yanzu yanzu. Matarsa Lantana ta riƙe mata hannu, ta ce akwai wata allura da aka taɓa yi masa a nan, saura ƙiris ta aika shi lahira, amma sunanta ya ɓace mata. Likita ta ce a buɗo bayanansa. Daidai lokacin aka tayar da janareta, wuta ta zo da ƙarfi, kwamfutar ta yi wari ta mutu murus.

Ta farko a cikin mutanena uku ita ce Murjanatu mai karɓar kati. Kullum kafin ta tashi aiki sai ta kwafe komai a ɗan filas, wannan abin mai kamar ɗan yatsa, ta jefa a gwangwanin madara a jakarta. Shekara biyu ana yi mata tsiya, wai ta fi kwamfutar son aiki, har mai gadi yakan tsaya da kwaɗo a hannu yana tsaki. Ran nan dai ba wanda ya yi dariya da ta zazzage jakarta a kan tebur, filas ɗin ya faɗo da bayanan jiya cif.

To amma filas ba ya karanta kansa. Na biyu shi ne Sagir mai gyaran kwamfuta, wanda tun bara ya nace aka sa manhajar asibitin a wata tsohuwar kwamfuta da ke ɗakin magani, ya rubuta lambar sirri a ambulan ya ba likita ta kulle a durowa. A lokacin yana cikin mota, an ɗauki hanyar ɗaurin aure. Da aka kira shi ya sa direba ya sauke shi a gefen titi inda waya ke kamawa, motar ta tafi ta bar shi a rana. Murjanatu ta zauna gaban tsohuwar kwamfutar da waya a kunne, shi kuwa muryarsa ko gezau.

"Hajiya, kada ki danna komai sai na ce. Karanta mini abin da kike gani, daga sama."

Haka ya yi ta jan ta sannu sannu, har sunayen majinyata suka jeru. Aka buga Tanimu Isiyaku, bayani ya fito cewa maganin zazzaɓi na kulorokwin ne jikinsa ba ya karɓa. Likita ta yi hamdala, ta ce ba shi za ta ba shi ba, ta sa aka zuƙo fenisilin.

Na uku Baba Haladu ne mai ɗakin magani, tsoho mai gardama, wanda ya tsani kwamfuta kamar ciwon haƙori. Abin da yake cewa kullum shi ne, rabin tsofaffin garin nan ba su san ranar haihuwarsu ba, ɗaya ga Janairu ake rubuta wa kowa, sunaye kuma iri ɗaya. Saboda haka duk wanda ya zo karɓar magani sai ya taka zuwa kwamfutar teburin kati ya ƙara sana'ar mutumin da unguwarsa a ƙasan sunansa, yana dannawa da yatsa ɗaya, layi na yi masa gunaguni. Ya leƙo ta bayan Murjanatu, ya gyara tabarau.

"Likita, dakata. Wannan Tanimu mahauci ne. Namu mai hatsi ne."

Aka gangara ƙasa, sai ga wani Tanimu Isiyaku, shi ma ɗaya ga Janairu, shekara ɗaya da na farko. A ƙarƙashin sunansa an rubuta ɓaro ɓaro cewa kada a kuskura a yi masa fenisilin. Allurar na hannun nas, an riga an goge masa wurin. Likita ta dakatar da nas, sannan ta rubuta wata allurar. Wallahi ni da nake ba ku labarin, duk sanda na zo nan sai na sauke ajiyar zuciya.

Bayan kwana tara Malam Tanimu ya dawo da ƙafarsa, yana jan tunkiya mai ciki. Ya ce ta wanda ya ceci ransa ce, mutum ɗaya, kuma bai yarda a yanka ko a sayar a raba ba. Ya ɗaure ta a jikin darbejiyar asibitin ya yi tafiyarsa. Har yau tana nan, ta cinye furannin likita, haihuwa kuma ta matso.

Ba don Murjanatu ba, da babu abin da za a buɗe. Ba don Sagir ba, da filas ɗin na nan a gwangwani. Baba Haladu kuwa, ba don shi ba da an buɗe, an karanta, an yi allurar da bismilla.

To, ku faɗa mini, a cikin su ukun nan wa zai kwance tunkiyar ya kai gida?