Ranar da Zailani Maharbi Ya Yi wa Ɓarayi Ƙarya

Akwai wani maharbi mai suna Zailani a wata ruga da ke gefen dajin Falgore, can wajen shekarar 1988. Shi ke raka fatake da makiyaya su ratsa dajin.

Ranar da maigidansa da ya koya masa farauta ya damƙa masa baka da kwari, sai da ya rantsar da shi a kan sharuɗɗa uku. Ba zai harbi wanda ya juya baya ba, ba zai karɓi lada a hannun mai rauni ba, kuma ba zai yi ƙarya ba ko da ga abokin gaba ne.

Shekara goma sha biyar yana riƙe da su. Abokai har tsiya suke masa, wai malami ne ya ɓata hanya ya faɗa farauta. Amma daga Doguwa har Tudun Wada, idan Zailani ya ce i, to i ɗin ce. Ɓarayin daji ma sun san haka.

Wata damina ɓarayi suka kore shanun gidan su Zailani kaf, suka sari ƙanensa Hamidu a cinya, suka tafi da shi. Mahaifiyarsu Dije ta daina cin abinci. Zailani ya yi kwana biyu yana bin sawu, ruwan sama yana shafewa.

A rana ta uku Turai, wata mai tallar nono da ke ratsa dajin, ta zo da saƙo.

"Sun ce ciwon Hamidu ya fara ruɓa, ba sa son ya mutu a hannunsu. Gobe da hantsi za su kawo shi gindin tsamiyar bakin rafi. Abu ɗaya suke so, ka ce da bakinka kai kaɗai za ka zo."

Zailani ya buɗe baki zai amsa, sai baffansa Umaru ya ja shi gefe.

"Idan ka karɓo Hamidu, shanun fa? Mutum ashirin ne a gidan nan, me za su ci? Ka ce kai kaɗai ne, mu kuma mu laɓe a ciyawa. Mu kama biyu, su nuna mana garken."

"Baffa, na yi rantsuwa."

"Da mutanen kirki ka yi ta. Ƙarya ga ɓarawo ai ba ƙarya ba ce."

Zailani ya dubi turakun da babu ko ɗan maraƙi, ya dubi matan gidan sun yi jugum. Gaskiya hankalinsa ya tashi, kuma maganar baffa ta yi masa daɗi a kunne. Ya koma wajen Turai.

"Ki ce musu ni kaɗai zan zo."

Turai ba ta ko nemi ya rantse ba. Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

Washegari da hantsi ɓarayi huɗu suka ɓullo a ƙetaren rafi, Hamidu yana kan jaki. Har sun sa ƙafa a ruwa, sai wani daga cikin masu laɓe ya kasa haƙuri ya saki bindiga. Kafin hayaƙi ya washe sun juya da jakin sun shige kurmi. Ba a kama ko ɗaya ba.

Zailani ya yar da bakansa ya bi su yana ihu, yana cewa ya tuba, yanzu kam shi kaɗai ne. Kwana uku yana yawo a dajin hannu babu makami, ƙaya ta yayyaga masa ƙafa, muryarsa ta dushe. Babu wanda ya amsa.

Ya sami Turai ya durƙusa mata, babban mutum yana kuka.

"Don Allah ki koma. Ki ce su riƙe shanun, su riƙe ni ma, su dai ba ni shi in kai shi asibiti."

"Na je tun jiya, na ce musu ka tuba, yanzu kai kaɗai za ka zo," in ji Turai. "Sun ce wancan karon ma haka ka faɗa."

A rana ta huɗu wani makiyayi ya ga Hamidu kwance shi kaɗai a bakin rafi, an ajiye masa goran ruwa. Zailani ya goyo shi zuwa bakin titi, suka tari motar itace mai zuwa Tudun Wada. Ƙafar ta riga ta yi baƙi, jikinsa zafi rau.

A bayan motar Hamidu ya buɗe ido da ƙyar, ya dubi yayansa.

"Hamma, su wa suka yi harbi? Ɓarayin sun so su fasa zuwa. Ni na rantse musu cewa yayana bai taɓa ƙarya ba."

Zailani ya rungume shi. Kafin su shiga gari Hamidu ya cika a kan cinyarsa.

Darasi: Ƙa'idar da za ka riƙe wa mutanen kirki kaɗai, ka karya ta ga wanda ka ƙi, ba ƙa'ida ba ce. Gaskiyarka ita ce za ta cece ka ranar da ƙarfinka ya ƙare, kada ka bari tsanani ko lallashin wani ya sa ka zubar da ita. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, wataƙila akwai wanda ake lallashi yau ya yi ƙarya guda ɗaya tak.