Ruwan Dagaci a Gonar Nomau

An yi wani dagaci mai son abin duniya, wanda ya kafa doka cewa duk mai son iyo a tafkin gari sai ya biya. Ya ce, "Tafkin a ƙasata yake, ruwan nawa ne."

Wani manomi, Nomau, wanda tun yana yaro yake iyo a wurin, ya biya. Da damina ta kankama, tafki ya cika ya malala cikin gonarsa. Sai ya nufi fada, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, ruwan tafki har yanzu naka ne?"

"Kana tantama ne?"

"Wane ni. Dama ya shigo gonata ne, yana ta wasa cikin gero. Ni da na shiga wurinsa na biya, shi ne na zo karɓar nasa kuɗin shiga."

Fadawa suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Dagaci ya gyara zama.

"Haba Nomau, ruwa ai na Allah ne. Wa ke iko da shi?"

"Alhamdu lillahi, kowa ya ji. Jama'a, ku tashi mu je iyo, Mai ruwan ba ya karɓar ko anini."