Jatau Kurege da Sulen Kan Cibiya

Ku matso, ku gyara zama, ga wata nan ta taho muku da ƙafarta.

A wata shekara da gyaɗa ta ƙi, an yi wani kurege ana ce masa Jatau saboda jan gashinsa. Ɗan mitsitsi ne, amma bakinsa ya fi jikinsa girma nesa ba kusa ba. Yunwa ta ci shi ta cinye, har in ya yi tari sai ka ji haƙarƙarinsa na kaɗawa. Ni dai ban taɓa ganin mai cika baki da wofin ciki irinsa ba.

Ran nan ya ji Raƙumi, babban falken dajin, yana cigiya a kasuwa. Wai a tafiye-tafiyensa ya ga masu hali suna tara tsofaffin kuɗi, kowane iri guda ɗaya, su jera a faifai su yi ta kallo, shi ma abin ya shiga ransa. Yana son anini, da kwabo, da taro, da sisi, da sule, kuma ba ya son biyu iri ɗaya. Duk wanda ya kawo su cif, buhun gyaɗa nasa ne.

Jatau bai taɓa riƙe ko ɗaya ba. In ka ajiye masa anini da maɓallin riga, ba zai bambance ba. Amma da ya ji an ambaci gyaɗa sai ya ɗare kan buhun, ya bugi ƙirji.

"Ni ne Jatau, jikan masu tara kuɗi tun ana ciniki da wuri. Alhaji, ka ɗaure bakin buhun nan, ya riga ya sami mai shi."

Sannan ya ce bari ya gwada Raƙumi ya gani ko ya san abin da yake nema, ya sa shi ya siffanta masa su ɗaya bayan ɗaya. Haka ya yi karatunsa kyauta.

Da gari ya waye sai ya shafe jikinsa da toka, ya rataya tsummoki da ƙahon akuya, ya zama boka. Ya nufi gidan Kura, don ya san tana da anini da kwabo da ta zura a zare ta rataya a wuya. Ya tarar da ita tana ƙorafin farauta ta ƙi ta. Ya dubi wuyanta, ya kama baki. Ya ce ta yaya arziki zai zauna mata alhali kuɗinta duk da huji a tsakiya, ai ta nan yake zurarewa. Kura ta duba, ga huji kuwa. Hankalinta ya tashi, ta ce ita tun da take ba wanda ya taɓa gaya mata gaskiya sai yau. Ta tsinke zaren ta miƙa masa ya kai wa maƙeri a toshe, har da tukuicin ƙashi. Ƙashin ya fi ƙarfin haƙorinsa, ya jefar a hanya yana tsaki.

Da gari ya waye sai ya manna gashin zabuwa a jikinsa da ƙaro, ya gangara bakin kogi wurin Kada. Kuɗin da ke faɗuwa daga aljihun masu ƙetare ruwa kan maƙale wa Kada a haƙori, kullum yana fama da ciwo. Jatau ya ce shi ne sabon tsuntsu mai sakace da aka turo daga ƙetare. Kada ya wangale baki. Gaskiya Jatau ya tsorata, amma gyaɗa ta tura shi ciki. Ya zaƙulo taro mai kusurwoyi, ya ɓamɓaro sisi a can kusa da maƙogwaro. Yana fitowa Kada ya shinshina, ya ce wannan tsuntsu kuwa warin kurege yake yi.

"Ranka ya daɗe, daga bakin mesa nake, ita ce ta karya da kurege."

Kada ya ce Allah ya ƙara, dama ya tsani kuregu. Jatau ya amsa da amin, ya yi gaba.

Saura sule, kuma sule ɗaya ne tak a dajin. Jaririn Damisa ya zo da cibi, uwar ta ɗaure masa sulen a kan cibiyar da ƙyalle, yadda mata ke yi don ta koma ciki.

Da gari ya waye sai Jatau ya naɗe jelarsa a ƙugu, ya ɗaura zani, ya yi lulluɓi, ya ɗauki sanda yana ɗingishi, ya zama tsohuwar ungozoma. Damisa ta tare shi da murna, tana Iya kaza Iya kaza. Ya duba cibiyar, ya girgiza kai.

"'Yar nan, wa ya yi miki wannan ɗauri? Maza ki ɗora ruwan zafi a gasa wurin. Cibiyoyin da na mayar sun fi gashin jikinki yawa."

Damisa na fita ya kwance ƙyallen, ya zare sulen, ya sa tsakuwa mai faɗi a madadinsa, ya ɗaure. Jariri ko motsi bai yi ba. Aiki ya gama kyau, abin da ya rage kawai ya sa kai ya fice.

To, amma ciwon masu tara kuɗi ya riga ya kama shi. Ya tsaya yana juya sulen, ya kalli gaba ya kalli baya, yana murmushi shi kaɗai. Sai zuciyarsa ta ce, in kuma na dalma ne fa? Ya san 'yan kasuwa kan saki sule a kan dutse su ji ƙararsa kafin su karɓa. Ga dutsen niƙa kuwa a gefe. Sakaran naku ya ɗaga hannu ya saki.

Sulen ya yi ƙara mai daɗi, na gaske ne. Sai dai bai tsaya ba, ya yi tsalle ya gangara ya nufi ƙofa. Tsohuwar da ta shigo da ɗingishi ta yar da sanda ta bi shi da ƙafa huɗu. Zani ya zame, lulluɓi ya faɗi, jela ta miƙe tsaye. A bakin ƙofar sulen ya kwanta, daidai ƙafar Damisa da ta dawo da tukunya.

Mari ɗaya ta yi masa. Ya bugi bango, jakarsa ta fashe, kwabo da taro da sisi kowa ya kama gabansa. Anini kaɗai ya wawura da baki, ya bi ta ƙarƙashin danga, ya bar rabin gashin jelarsa a hannunta. Garin faɗawa rami ya yi tuntuɓe, aninin ya wuce maƙogwaro. Rabonsa da haɗiyar wani abu har ya manta.

Can Raƙumi ya zo wucewa da buhun gyaɗa a doro, ya leƙa ramin ya tambayi labarin faifansa. Jatau ya leƙo da kumburarren ido, ƙanshin gyaɗar na dukan hancinsa, har ƙwalla ta taru masa.

"Alhaji, na fasa sayarwa. Na fara tara nawa na kaina, kuma na ajiye shi inda ɓarawo bai isa ba."

Ya shafa cikinsa, cikin ya amsa da kuka. Raƙumi ya wuce da buhunsa.

Nan ta ƙare, kan kurege ya sha ƙulli. Wanda ya hangi sisi a ƙofar Damisa, ya shiga ya ɗauka in ya isa.